Miyar Guron Inna Kulu

'Yata Hauwa'u ce ta sa na ɗauki biro a kan labarin wata shekara a gidanmu. Bara ta je biki Amarawa, wata tsohuwa ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, da ta faɗa sai tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe takwarar mai guro ta." Ta dawo gida ido ya yi ja, tana tambayata ko gaskiya ne kakarta, wadda aka sa mata sunanta, ta ci amanar mijinta, ta zuba masa abin da ya karya shi a ɓoye. Na so in zaunar da ita in ba ta amsa, sai na ga in na faɗa mata ita kaɗai, gobe wani cikinku jikokin zai sake tsintar maganar a wata kasuwar. To ga ta a rubuce, wanda ya fi ni sani ya zo ya gyara. Guro dai, don ku da kuka tashi da Hausar rediyo, shi ne kuɓewa.

Kakanku Mamman mahauci ne a kasuwar Illela, kuma ɗan tauri ne, wato cikin mutanen nan da suka sha maganin ƙarfe, waɗanda ake cewa wuƙa ba ta cin jikinsu. Ba na ce ku yarda ba. Malamai sun yi wa'azi a kai, ni ma na girma na san mai tsarewa Allah ne. Abin da idona ya gani kawai nake faɗa: na ga ya ɗauki wuƙar da ya gama feɗe sa da ita, ya goga ta a tumbinsa da ƙarfi har ta lanƙwashe, ya jefar yana dariya. Babu mai kiransa Mamman a gari sai Na-Kulu, don da sunan matarsa, Innarmu Kulu, makaɗa ke yi masa kirari. Wani tsohon maharbi a Gidan Katta ne ya ba shi maganin tun yana saurayi, ya kuma gindaya masa sharaɗi guda: ranar da guro ya shiga bakinsa, tauri ya karye. Ita kuwa Inna 'yar Kalmalo ce, 'yar manoman guro a bakin tafki, da miyarsa aka yaye ta. Amma shekara arba'in ba ta ɗora tukunyarsa a gidanmu ba, kada a yi kuskuren ludayi. In ta je ganin gida takan ci ta more, sannan ta wanke hannu da toka sau uku kafin ta kamo hanya.

Ni ne ɗan fari, ni ne kuma abin kunyar gidan, don jinin akuya ma in na gani sai jiri ya ɗebe ni. Na gudu daga fawa na buɗe rumfar bidiyo kusa da tasha: zana, benci shida, talabijin da janareto mai tari. Daga Ƙwanni ta Nijar nake sayo kaset, duk da Faransanci suke magana, ni kuma in tsaya gefen talabijin ina juya wa 'yan kallo da Hausa. Faransancina na kasuwa ne, iyakarsa ciniki da lissafin sefa da zagin direba. Abin da na ji na faɗa, abin da ban ji ba na ƙaga, kuma in gaya muku gaskiya wanda na ƙaga ya fi daɗi. Baba bai taɓa taka rumfar ba. In an tambaye shi sana'ata sai ya ce, "Garba? Baki shika saidawa."

A shekarar da nake ba ku labari cutar yanar ido ta rufe wa Baba ido biyu. Da farko ɓoyewa ya yi, har ranar da ya miƙa wa wani Bafulatani ƙashi zalla a matsayin tsoka, mutumin ya yi shiru don girmansa ya karɓa. Daga ranar ya bar zuwa kasuwa, ya koma zaman zaure. Na kai shi asibiti Sakkwato da kyar, likita ya duba ya ce ƙaramin aiki ne, za a ɗan tsaga a cire yanar, gani ya dawo, amma in aka bar ta ta daɗe abin zai iya ɓaci. Baba ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce a gaya wa likita kada ya ɓata wuƙarsa, ƙarfe ba ya cin wannan jikin. Aka yi roƙon duniya. Liman ya zo, ƙannensa suka zo, ya ce allambaran. Sai wata rana bayan azahar, muna zaure daga ni sai shi, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Garba, kai da ka iya ƙarya, ba ni amsa. In wuƙal likita ta ƙi ni, na makance ke nan. In kuwa ta kama ni, to mi nika yi shekara arba'in gaban mutane?"

Ranar na gane ba taurin kai ne ke damunsa ba, tsoro ne, kuma ba tsoron wuƙa ba.

Bayan kwana kaɗan Inna ta je gaisuwar mutuwa maƙwabta. Da ta dawo ta shigo zaure a hankali, yana zaune bisa tabarma, ni ina waje ina wanke fulogin janareto. Ya ɗaga kai ya dubi inuwarta, ya ce cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa:

"Sannu baiwar Allah. Shiga, mai ɗakin na ciki."

Inna ta tsaya cak. Ba ta ce uffan ba, don ta san in ta yi magana zai gane muryarta ya ji kunya. Ta wuce. Da na bi ta na same ta bayan rumbu ta toshe baki da gefen zane tana kuka. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, ko da ta binne 'ya'ya biyu a ɗaki ta yi nata kukan. Da ta gan ni ta share ido ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

A kwanakin ne na samo wani kaset da ya tayar da garin. Labarin wasu mayaƙa ne da suka sha ruwan wani marmaro a kan dutse, daga nan ba su mutuwa ba su tsufa. A soka wa mutum takobi ya ɓullo ta baya, ya zare ya yar, raunin ya rufe kana kallo. Haka suke yawo ƙasa ƙasa, zamani bayan zamani, suna saran juna. Babban jarumin wani mai dogon gashi ne, na sa masa suna Dogo don na kasa furta nasa. Aibin kaset ɗin ɗaya: wanda ya kwafe shi a Ƙwanni bisa tsohon kaset na kokowar Nijar ya kwafa, kuma fim bai kai ƙarshe ba ya yanke, sai kokowa ta ɓullo. Don haka kullum in an zo wurin nakan yi wuf in danna maɓalli in kashe, in ce janareto ya yi zafi, in ƙarasa musu da baki: Dogo ya kashe kowa, ya hau doki ya tafi. Su yi ta ƙorafi, gobe su dawo. Samarin mahauta suka kai wa Baba labari cewa ashe Turawa ma suna da 'yan tauri. Sai ga shi ya aiko a kira ni.

"An ce kana da 'yan taurin Turawa cikin akwati."

"E, Baba."

"Kawo su nan in ji ko na ƙwarai na."

Kwana biyu ina shirya ƙarya. Na ce a raina tun da ba ya gani, abin da bakina ya faɗa shi ne fim. In an zo wurin yankewa zan kashe, in ce Dogo ya gaji, ya je wurin boka an karya masa magani, ya yi zamansa lafiya kamar kowa. Har kalmomin da zan sa a bakin Dogo na haddace, masu ratsa jiki, ina ganin kaina wani gwani. Ranar Asabar bayan la'asar na turo kaya a baro, na ajiye janareto ƙarƙashin bedi, wato darbejiya, na rufe ƙofar zaure da tabarma don haske. Baba ya zauna dab da talabijin, ya karkata kunne. Inna ta jawo kujerarta bakin ƙofar cikin gida da faifan shinkafa tana tsinta, wai ita ba kallo ta zo ba, iskar zaure ce ta fi.

Aka fara sara. Ina ta zuba, na miƙe tsaye kamar ina rumfa, ina kwaikwayon muryar kowa. Baba kuwa ba maganata yake bi ba, ƙarar ƙarfe yake saurare.

"Wanga takobi gwangwani na," in ji shi. "Ji ƙaratai. Ko kabewa ba shi yankawa."

Da aka soke Dogo ya tashi, na ce masa rauni ya rufe. Ya girgiza kai.

"To ai wanga ba tauri ba na. Ɗan tauri ba a huda shi. Wanga an huda shi, ya dai ƙi mutuwa. Taurin kai na."

Inna ta yi dariya ƙasa ƙasa. Rabon da in ji dariyarta tun kafin tafiyarmu Sakkwato.

Sai aka zo wani wuri da na kalla ya fi sau talatin ban taɓa kula da shi ba, don a rumfa nan ne 'yan kallo ke fita fitsari, ba a sara. Dogo ya dawo ƙauyensu bayan shekaru masu yawa a wurin yaƙi, fuskarsa yadda ya tafi da ita. Ya sami wata tsohuwa a bakin rijiya, ta ɗebo ruwa ta ba shi, ya sha, ya yi godiya, ya tambaye ta gidan matarsa, yarinyar da ya bari. Tsohuwar ta dube shi ta dube shi. Mu masu kallo mun gane ita ce, don ga munduwar da ya ba ta a hannunta. Na fara faɗa da muryar wasa, ban kai rabi ba na bar wasan. Hannun Inna ya tsaya cikin faifai.

"Ita tsohuwar," in ji Baba a hankali, "ta yi magana?"

"A'a, Baba."

"Wucewa tay yi?"

"Ta ɗauki tulunta ta wuce."

Ya shafa gemu.

"Kamar wata da nis sani," ya ce. "Sai da taw wuce nij ji tahiyatta."

Ashe ya sani. Kwana goma yana ɗauke da abin shi kaɗai, ita ma tana ɗauke da nata, gida ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Ina tsaye ina kallonsu na manta da maɓalli sam. Hoto ya yi rawa, sai ga ƙarti biyu da walki da layu sun sarƙe a fili, ganguna na tashi kamar za su fasa zauren. Na yi tsalle na rage murya, amma aikin gama ya gama.

"To?" in ji Baba. "Sai mi?"

Duk jawabin da na kwana biyu ina haddacewa ya bi iska. Sai na ji murya daga bakin ƙofa, a natse, kamar mai ba da labarin abin da ya faru a maƙwabta.

"Ya waiwayo," in ji Inna. "Ya gane ta ga tahiya. Ga shi nan ya aje takobin bakin rijiya, ya bi ta gida."

"Sai mi?"

"Ta aza tukunya."

"Ya ci?"

"Shina ci."

A talabijin kuwa wani ƙato ya ɗaga ɗan'uwansa ya nana da ƙasa, alƙali na busa usur. Baba ya sunkuyar da kai. Can ya nisa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe su ma Turawa ba su cin tuwo sai da kiɗin kokowan Nijar."

Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ta kwashi faifanta ta shige.

Washegari Lahadi, ranar kasuwa. Da hantsi ya kira ni ya ce in je layin 'yan Kalmalo in sayo guro, ɗanye, kada in kawo masa busasshe. Na tsaya ina kallonsa har ya ce ko ni ma kunnena ya yi yana. Da na dawo ya sa na kira Inna, ta zo ta durƙusa gefen tabarma.

"Kulu, yau miyag guro nika so."

"Maigida, ka san abin da kac ce?"

"Na sani. Ni nis sha abina, ni ka karya shi da hannuna. Ba likita ba."

Ku rubuta wannan a zuciyarku, don shi ne dalilin rubutun nan gaba ɗaya. Shi ya nema, da rana tsaka, da bakinsa, ina tsaye. Inna ta ƙara tambayarsa sau biyu, ya ƙara ba ta amsa sau biyu. Sannan ta tashi ta ɗauko wuƙa ta fara yanka, ba abin da ta manta, har 'yar kanwar da ake jefawa don yauƙi. Ta tuƙa tuwon dawa ta kawo da kanta. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma ya dangwala, ya riƙe ta a iska kamar mai jiran wani ya hana shi. Ba wanda ya hana shi. Ya kai baki. Yauƙi ya bi gemu, ya sake yankowa.

"Ke Kulu," ya ce, "ashe wanga abu kika ɓoye man shekara arba'in?"

Daga baya na yi ta tunani, na ga dabarar tsohon: in shi ya karya da kansa, wuƙar likita ta kama shi ba ta ƙaryata komai ba. Haka ne, kuma na san ya lissafa wannan. Amma wannan ƙofar tana nan buɗe tun ranar da muka dawo daga Sakkwato, bai bi ta ba sai da ya kira matarsa baiwar Allah.

Kafin magariba labari ya gama gari, don mai sayar da guron ta san ni, ta kuma san gidan da ba a kai guro. Abokansa 'yan tauri suka zo zaure su huɗu, ya faɗa musu gaskiya ƙarara, suka dubi juna. Ba su iya ɗaukar cewa Na-Kulu ya ajiye da kansa ba, ya fi musu sauƙi a ce mace ce ta cuce shi. Suka fita suna cewa yana rufa wa matarsa asiri ne. Duk yadda ya rantse, rantsuwar ta zama ƙarin shaida a wurinsu. Mata suka rage gaishe ta a gidan biki, aka laƙa mata mai guro. Raina ya ɓaci, na ce zan ɗauki lasifikar rumfa in zagaya kasuwa in faɗi yadda aka yi. Inna, da ba ta kama sunana saboda kunyar ɗan fari, ta riƙo hannun rigata.

"Kai wane, zamna. In sun ce ni nik karya shi, ai sun yarda akwai abin karyawa. Bar su."

Na zauna. Da wannan sunan ta rayu har ta koma ga Allah, ba ta taɓa wanke kanta a gaban kowa ba. Ni ma na yi shiru saboda ta ce in yi, yau kuma da ba ta nan na saɓa mata, ina fatan ta yafe mini.

An ba mu ranar aikin ido bayan Babbar Sallah. Kowace Sallah, Ɗanjimma makaɗin mahauta yakan tsaya ƙofar gidanmu da kalangu ya kira kirarin Na-Kulu, Baba ya fito da wuƙaƙe yana tsuma, unguwa ta cika. A wannan shekarar mun ji kalangun tun daga bakin masallaci yana matsowa. Baba ya gyara zama, yatsunsa na bugun tabarma. Kiɗan ya zo daidai ƙofa, bai tsaya ba, ya wuce, ya yi ta raguwa har ya ɓace. Yatsun suka daina motsi. Ya ce a ba shi ruwa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba, kuma bai ce ya yi nadama ba, ranar ko bayanta.

Aka yi aikin idon dama da safe. Wuƙa ta kama, kamar yadda take kama kowane ɗan Adam. Washegari wata ma'aikaciyar jinya ta zo cire bandeji, ni ina gefen gado, Inna na tsaye can wajen ƙafafunsa da kwanon kunu a hannu. Aka ɗaye audugar, aka goge masa ido. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba saboda haske. Ma'aikaciyar ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne, bai ko dube ta ba. Inna yake kallo.

"Kulu," ya ce, "yaushe kinka yi hurhura haka?"

Ta taɓa gefen kallabinta inda farin gashi ya leƙo.

"Tun kana ganin gari, Maigida. Ba ka dai diba ba."

Ma'aikaciyar ta kawar da kai tana murmushi. Inna ta ji kunya, ta juya za ta ajiye kwano ta fita.

"A'a," in ji Baba. "Tsaya nan. Kak ki motsa. Bari in diba."

Ta tsaya, a gabana, a gaban baƙuwa, kunu na hucewa a hannunta.